Ko Da Me Ka Zo, An Fi Ka

Ɗan Boko, wanda duk zamansa a Dubai bai wuce awa shida a filin jirgi ba amma har yau bai gama ba da labarin ba, ya ɗaga wayarsa a teburin mai shayi.

ƊAN BOKO: Alhaji, bari in buɗe maka jadawalin Speedtest, shafin da ke auna saurin intanet, ka gani da idonka. A intanet na gida Singafo ce ta saba zama a sahun gaba, a na wayar hannu kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda kafin ka ɗauke yatsa bidiyo ya riga ya sauka.

ALHAJI BAKANO: Yaro, Kano tumbin giwa ce, ko da me ka zo an fi ka. Ƙasa kamar Singafo da faɗinta bai kai murabba'in kilomita 800 ba, idan intanet bai yi sauri a cikinta ba, ina zai je? Namu kuwa sai ya fito daga teku a Legas, ya ratsa Kwara da Neja da Kaduna, kuma baƙo mai tarbiyya ba ya wuce mutane bai tsaya an gaisa ba.

Zoben da ke fuskar wayar yana ta juyawa, kamar yadda yake yi tun kafin ruwan shayi ya tafasa.

ƊAN BOKO: Koriya ta Kudu ta fara 5G a 2019, mu kuwa sai a 2022.

ALHAJI: Ai sarki ba ya cin abinci sai an ɗanɗana masa. Shekara uku suka yi suna ɗanɗana mana.

ƊAN BOKO: Finland fa, tun 2010 doka ta ce intanet mai saurin megabit ɗaya a daƙiƙa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne.

ALHAJI: Wanda sai da doka zai samu abu, ai ka san ba shi da shi.

MAI SHAYI: Ranka ya daɗe, a ƙauyenmu akwai wata tsamiya wadda sabis yake reshenta na uku, kuma ranar kasuwa sai an bi layi kafin a hau.

ALHAJI: To, ka ji! Su Finland suna da tsamiya?

ƊAN BOKO: A watan Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, ba kai ne ka wuni kana jiran kuɗin atamfa su shigo ba?

ALHAJI: Wannan laifin teku ne, kuma Kano ba ta da teku. Ka manta cewa a duk Afirka da Najeriya Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara a 2023?

MAI SHAYI: Ka saya ke nan, Alhaji?

ALHAJI: Ƙara mini madara.

A nan zoben ya tsaya. Ɗan Boko ya gyara zama, sai ga saƙo cewa datar wata guda da ya saya shekaranjiya, a sabon farashin da aka ƙara wa kashi 50 cikin 100 a 2025, ta ƙare.

ALHAJI: Datar wata a kwana biyu! Faɗa mini tsakaninka da Allah, a awa shidan da ka yi a Dubai, ka ga irin wannan saurin?