An sa wa mota sabon inji ta ƙi tashi, kar a yi saurin ɗora wa injin laifi

Jama'a akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya tun watan jiya, kuma na san ba ni kaɗai ya taɓa samu ba, duk wanda ya taɓa sauke inji ya ɗora wani ya san irin wannan tashin hankalin. Ka tattara kuɗin da ba ka da shi, wani ma rance ya ci, ka sayo inji ɗan Beljiyom, an ɗora an ɗaure komai, a murɗa makulli kik yana ta juyi amma mota ko tari ba ta yi ba. Daga nan sai a shiga canke, wannan ya ce kaza ne wancan ya ce kaza ne, kuma duk canken da aka yi aljihunka ne zai biya.

Tawa Corolla ce ta 2004, mai injin 1ZZ. Tiyon lagireto ne ya fashe min a hanyar Zariya wajen Kwanar Ɗangora da daddare, ban lura da allurar zafi ba sai da inji ya riga ya dahu. Aka jawo ta Kano, bakanike ya buɗe ya ce gyaran ba zai yi riba ba gara a canza gaba ɗaya, na yarda. Muka je Ƙofar Ruwa muka zaɓo inji, mai kayan ya ba ni sati biyu in da matsala in dawo masa da abinsa. Injin na motar 2006 ne, ya zo da totur na lantarki, tawa kuma mai kebul ce, toh a nan dole in yaba wa bakanikena, bai yi ganganci ba, ya cire manifol, wato bututun shigar iska, da totur na tsohon injina ya mayar a kan sabon, wayarin ma nawa ya bari. Wannan daidai ya yi. Matsalar daga baya ta fara.

Ranar da aka gama ɗauri aka yi kik shiru. Aka ce fulogi ne, na sayo huɗu. Aka ce koyil ne, mai ba fulogi wuta, aka aro na wata mota aka gwada shiru. Sai wani yaron garejin ya buɗe kujerar baya ya kara kunne a kan tanki, aka buɗe makulli, ya ce Oga famfo ba ya kuka, shikenan aka yanke hukunci fiyel famfo ya mutu na je na sayo sabo a kwali. Abin da ban sani ba a lokacin kuma su ma ba su sani ba, Toyota na waɗannan shekarun famfonta ba ya tashi don ka buɗe makulli kawai, sai lokacin da kik yake juya inji ko inji ya riga ya tashi. Honda ce za ka buɗe makulli ka ji famfo ya yi ɗan ƙara na kamar sakan 2 ya tsaya. Wato da ma'aunin wata mota aka auna tawa, aka cire famfo mai lafiya aka jefa a but.

Da sabon famfon ma ta ƙi, sai aka kira mai na'urar kwamfuta, ya jona ya ce na'ura ba ta ganin motar sam, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya mutu. Kwana tara kenan, saura kwana biyar wa'adin mai inji ya cika. Wallahi na kira bawan Allahn nan na faɗa masa maganganu marasa daɗi, na ce ya sayar min da mataccen inji, shi kuma yana ta rantsuwa cewa lafiyayyen inji ya ba ni.

Wani maƙwabcina direban haya ne ya haɗa ni da wani dattijo mai wayarin. Ya zo a kan tsohon babur, kayan aikinsa gaba ɗaya a cikin ɗan ƙaramin buhu, ƙwan gwaji da mita da wasu 'yan wayoyi. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya zauna a kujerar direba ya buɗe makulli ya tsura wa dashbod ido, sai ya ce min, Alhaji zo ka gani, ina wutar cek? Na duba, wutar batir na nan, ta bakin mai na nan, ta cek, mai nuna matsalar inji, babu. Ya ce in ka buɗe makulli dole ta kama kafin inji ya tashi, in ba ta kama ba toh birenbos bai farka ba, ko wuta ba ta zuwar masa ko ba shi da arsin, wato wayar da ke haɗa shi da jikin inji don wuta ta zagaya, kuma birenbos da bai farka ba ba zai ba koyil umarni ba, ba zai buɗe nozul masu fesa fetur cikin inji ba, ba zai tada famfo ba, na'ura ma ba za ta gan shi ba. Na ce Baba an ce ya mutu. Ya ce bari mu gani.

Ya duba fiyus lafiya, rile lafiya. Sai ya zura hannu ta gefen kan silinda wajen giyabos yana bin wayarin da yatsa, ya zaro wasu 'yan wayoyi masu zobe a baki suna reto, duk bakin mai ya ɓata su. Wayoyin arsin ne, an kwance su daga tsohon inji an manta ba a ɗaure a sabon ba. Ya goge zoben da 'yar takardar yashi, ya nemo noti mai lamba 10 ya ɗaure, aka buɗe makulli wutar cek ta kama. Kik na biyu mota ta tashi. Na tsaya ina kallon wayar nan da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya uku ba, na rasa abin cewa.

Toh a nan ra'ayina yake. Injin da aka sauke daga wata mota yawanci yana aiki aka sauke shi, motarka ita ma kafin injinta ya lalace famfonta da birenbos ɗinta suna aiki, da ƙafarta ta kai ka inda ta mutu. Me ya canza? Wuraren haɗi. Soket, arsin, tiyo, sansa. Duk abin da hannu ya kwance ya mayar shi ne abin zargi na farko, amma mu sai mu tsallake wannan mu tafi kan kaya masu tsada. Ban ce ba a samun ruɓaɓɓen inji a kasuwa ba, ana samu sosai, amma shi ma ai akwai gejin auna matsin silinda, a sa a gani kafin a yi shari'a.

Labarin bai ƙare a nan ba. Ta tashi amma tana rawa kamar injin niƙa, silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ba ya tsayawa daidai. Baba ya dinga cire soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya, biyu in an cire inji ya ƙara raunana, biyu kuwa ko a jikinsa. Ya ce waɗannan sun kafe. Kuma da hankali, injin nan Allah kaɗai ya san watannin da ya yi a ajiye, daga inda aka sauke shi zuwa kwantena zuwa tashar jirgin ruwa zuwa shago, ragowar fetur da ke cikin nozul ya bushe ya zama kamar ƙaro ya riƙe allurar. Aka ɗauko nozul na tsohon injina aka wanke aka sa da sababbin roba, rawa ta tafi. Don Allah duk wanda ya canza inji kar ya bari a sayar da tsohon ga 'yan gwangwan a ranar, sansa da nozul da koyil ɗin jikinsa su ne waɗanda birenbos ɗinka ya saba da su.

Sai na uku, wanda ya fi ƙona min rai. A cikin gari tana tafiya lafiya, amma da na hau titin Zariya na taka sosai sai ta dinga shaƙewa tana ja da baya, cek ta kama, na'ura ta nuna P0171, wato iska ta fi mai yawa. Nan ma har an fara cewa a canza sansar iska. Baba ya ce a'a a auna mai. Ya jona geji a layin mai, allura ta tsaya wajen 28. Injin 1ZZ yana son tsakanin 44 zuwa 50 a ma'aunin psi. Sabon famfon da na saya a kwali jabu ne, yana kuka yana turo mai amma ba ƙarfi. Aka buɗe but aka ɗauko tsohon famfona da aka ce ya mutu, aka mayar, allura ta hau 47. Wannan gwajin da ake yi na cire tiyo a ga mai yana tsartuwa a ce ai famfo na kawowa ba gwaji ba ne, ido ba ya auna matsi, ga kuma haɗarin gobara ana watsa fetur kusa da batir.

Akwai wasu abubuwan da ban gamu da su ba amma Baba ya ce kullum yana gani. Motocin da suke da tiyon mai biyu, na zuwa da na komawa tanki, irin su Golf 3, a juya su a haɗa a karkace mota ta ƙi tashi. Ko a sayo inji haɗe da birenbos ɗinsa a sa a motar da makullinta mai cif ne, birenbos bai san makullin ba, sai ta ƙi tashi ko ta tashi ta mutu nan take, 'yar wutar tsaro tana ta ƙiftawa ba wanda ya kula. Ko sansar kiranshaf, mai gaya wa birenbos juyin inji, da ba a danna soket ɗinta ya shiga ba, wannan lambar P0335 take nunawa a na'ura. Ko motar da ta yi wata shida a ajiye kafin a samu kuɗin inji, fetur ɗin tankin ya lalace ana ta kik da shi.

Abu ɗaya da nake roƙon masu wayarin su daina, jona famfo kai tsaye da makulli. Da gangan kamfani ya sa birenbos ya kashe famfo in inji ya tsaya, saboda in an yi hatsari tiyo ya fashe kar mai ya ci gaba da kwarara. In ka yi masa dairek ka cire wannan kariyar, kuma iyalin mutum ne a cikin motar. An kawo min wannan shawarar a kwana na bakwai, na gode Allah ban yarda ba.

Ban rabu da bakanikena ba, mantuwa ce kuma kowa yana yi, ya karɓi kuskurensa har ya ce zai sayi gejin mai. Abin da na ce masa kawai shi ne kafin ya kwance inji ya ɗauki hoton kowane soket da kowace waya da wayarsa, ya ɗaura musu 'yar alama. Ranar Asabar kuma na koma Ƙofar Ruwa na sami mai injin a bakin shagonsa, na ce Alhaji ka yafe min, injinka ba shi da laifi. Ya ce ba komai, ya sa yaro ya kawo min ruwa, ya tambaye ni ko na canza tiyon lagireton da ya jawo duk wannan. Daga nan shagon tiyo na wuce.