'Yan kwamitin ruwa, ina ruwan?

Duk wanda ya tambayi 'yan kwamitin ruwa na garinmu inda aka kwana kan aikin burtsatse, amsa ɗaya yake samu: "Ai don Allah muke yi, ba biyanmu ake yi ba." To, mun ji, Allah ya saka da alheri. Amma mu ma da muka cire kuɗi daga bakin 'ya'yanmu muka ba ku, don Allah muka bayar. Tsohuwar da ta sayar da akuyarta ta kawo muku, ita ma ba riba take jira ba, ruwa take jira.

Ba haka kawai muka tashi da maganar nan ba. Amai da gudawa na 2021, wanda ya kama mutane sama da 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 3,000, ya kuma fi ɓarna a Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, shi ya tsorata mu. Muka ce tunda gwamnati ta manta da mu, mu yi wa kanmu. Da kakar 2022 aka fara karo-karo: manomi ya ba da hatsi, 'yan ci-rani da ma'aikatanmu na birni suka turo nasu, matasa suka yi gayya suka share fili suka kwaso yashi. Alkawarin da kuka yi a ƙofar dagaci shi ne kafin bazara ruwa zai zubo.

Sai me? Kowa ya san ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana maƙale ne a tsagar dutsen, shi ya sa masu hankali ke kawo mai na'ura ya auna kafin a kafa injin haƙa. Ku kuka ce kuɗin awon ɓarna ce. Kuka zaɓi wuri da ido, kuma abin mamaki idon bai faɗa ko'ina ba sai kusa da gidan wani babba. Aka yi ta haƙa, ƙura ce kawai ke tashi. Kuɗin rami guda ya tafi a banza, har yau babu wanda ya tashi ya ce laifina ne. Da aka dawo aka yi awon da aka ƙi yi tun farko, aka samu ruwa, sai aka ɗora wa ramin murfi aka watse.

Daga nan uzuri ya fara. Da damina, mota ba ta iya shigowa. Da kaka, kowa yana gona. Da azumi, a bari sai bayan salla. Bayan salla, ma'aji ya yi tafiya. Mai walda kuwa da ya karɓi kafin alƙalami don ƙarafen ɗora tanki, ya kafa ƙafa biyu ya kashe waya, kuma an ce kada a matsa masa saboda surukin wani ne. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, ko surukin wa ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuna ganin jinkiri kyauta ne. Ba kyauta ba ne. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sumo, wato injin da ake zurawa cikin burtsatse ya turo ruwa sama, da farantan sola daga waje ake shigo da su, siminti da ƙarfe da kuɗin mota duk suka bi sahu. Kuɗin da a lokacin zai sayi sumo da sola da tanki yana kwance a asusu yana narkewa, ku kuna ta musu a WhatsApp kan sunan wa za a rubuta a jikin allo. Yanzu kun dawo kuna cewa a sake karo-karo. Da wane ido?

Kuma ku duba su wa ke cikin kwamitin. Rabinsu a birni suke kwana, famfo a tsakar gida. Babu mace ko ɗaya, alhali mata da yara ne ke sammako zuwa rijiyar da ke ƙafewa tun watan Maris, su ne ke tsayawa layi a famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyen maƙwabta ana yi musu gori. Yarinya ta isa makaranta an gama darasin farko, malam ya zane ta. Yara maza suna wanka a kududdufi suna fitsarin jini, iyaye na cewa ai tsargiya ce, za ta wuce. Mai ɗan hali ya sayi jarka wajen ɗan garuwa, marar hali ya sha abin da shanu suka rage.

Ban wanke gwamnati ba. Tun Nuwamban 2018 Shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwan sha da tsafta, mu dai ba mu ga ta-ɓacin a bokitinmu ba, 'yan siyasa kuma sai zaɓe ya ƙarato suke tuna hanyar garin. Amma su ba su karɓi akuyar tsohuwa ba. Ku kuka karɓa.

Ranka ya daɗe dagaci, a kira su ranar Juma'a bayan an sauko. Ma'aji ya zo da littafi da rasit, a karanta a bainar jama'a: nawa aka tara, nawa ramin farko ya ci, nawa mai walda ya karɓa, nawa ya rage. A sa mata cikin kwamitin, a yanka ranar sayen sumo. Wanda ya ce aikin sa-kai ya gajiyar da shi, ya ajiye littafin a gaban jama'a, akwai masu ɗauka.