Kafin ka zuba kuɗinka a ɗan jirgin ruwa mai rimot, je ka duba ruwan garinku

Tun ranar da na sa bidiyon ɗan jirgina yana yawo a gefen tafkin Lagdo, kusa da garinmu Garwa a arewacin Kamaru, tambaya ɗaya ce ke ta shigo mini: "Malam, wanne zan saya da ɗan abin da ke hannuna?" Na amsa wa mutum nawa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani. Akwai kuma waɗanda suka ce wasan yara ne, bai dace da magidanci ba. Su ma zan zo kansu.

Da yawa ba su lura a bidiyon ba cewa jirgin nan ba shi da injin tuƙi, ba shi da farfela. Iska ce kaɗai ke tura shi, ta ƙyallayen nan biyu da ke ɗaure a jikin sandarsa. Rimot ɗin da ke hannuna aiki biyu yake yi: yatsa ɗaya yana juya wutsiyar da ke ƙarƙashin gindin jirgin, ɗayan yana jan igiya, ya tsuke ƙyalle ko ya sassauta shi. Sauran aikin tsakaninka da iska ne. Jirgi irin wannan ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai ya karkace wajen digiri 45, ya yi dama, ya juyo ya yi hagu, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu. Ranar da ka iya kai shi inda iskar take fitowa, babu mai ja babu mai turawa, ranar za ka gane abin da ya sa mutum yake wuni a bakin ruwa saboda shi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mai ƙaramin ƙarfi kada ya sayi mafi araha, kada kuma ya sayi babba. Ya nemi ƙarami wanda aka sani, wanda ake sayar da kayan gyaransa ɗai-ɗai, kuma ya rage kuɗi a aljihu bayan ya saya.

Na faɗi haka ne domin na ɗanɗana. Jirgina na farko a wani shagon intanet na gan shi, hotonsa ya yi kyau, farashinsa ya yi daɗi. Na jira shi kusan wata biyu. Da ya iso na sa shi a ruwa, iska ta ɗan taso, sai ya kwanta a gefe ɗaya ya ƙi tashi, ruwa ya shiga ta murfin sama ya jiƙa komai. Da na kai shi gida na buɗe, na ga babu wani nauyi na kirki a ƙasansa, ɗan injin da ke jan igiya kuma ba irin wanda ake samu a ko'ina ba ne, an manne shi da gam a jikin roba. Na rubuta wa mai shagon har sau uku, bai amsa ba. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin na tara su ne da kaɗan-kaɗan, kuma ɗana yana tsaye a wurin yana kallo. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin da ke raba jirgin gaske da na ado yana ƙarƙashin ruwa, inda hoto ba ya nunawa. Akwai dogon falle kamar takobi da ke sauka daga cikin jirgin, a bakinsa an ɗaura dunƙulen ƙarfe mai nauyi. Iska tana tura ƙyalle ta kwantar da jirgi, nauyin nan yana ɗago shi, takobin kuma yana hana shi zamewa gefe. A jiragen kirki, dunƙulen nan shi kaɗai yakan kai kusan rabin nauyin jirgin gaba ɗaya. Idan mai sayarwa bai rubuta nauyinsa ba, ko ka ga farfela a ɓoye a ƙasa wai don taimako, ka wuce abinka.

Wanda nake da shi yanzu sunansa DragonForce 65, na kamfanin Joysway na ƙasar Sin. Tsawonsa santimita 65, nauyinsa wajen kilo ɗaya da giram 200, dunƙulen ƙasansa giram 550. Ba talla nake yi musu ba, ko sisi ba su ba ni. Dalilina shi ne ana tsere da shi a Ingila, da Amurka, da Ostireliya da wasu ƙasashe da yawa, kuma dokar tseren ta ce kowa ya bar jirginsa yadda ya fito daga kamfani. Saboda haka sanda, wutsiya, ƙyalle, ɗan injin igiya, kowanne ana sayar da shi shi kaɗai, kuma wanda ka sayo zai shiga daidai. Ga mu da ke Garwa ko Marwa, wannan ya fi komai. Ba mu da shagon da za mu shiga mu ce ba ni kaza. Abu in ya karye, sai ka jira ya zo daga nesa, to aƙalla ya kasance akwai abin da za ka jira.

Akwai wansa, DragonFlite 95, mai santimita 95. Akwai kuma ajin manya da ake kira IOM, mita ɗaya cif, nauyinsa ba ya kasa kilo 4, takobinsa yana iya nutsewa har santimita 42. Suna da kyau ƙwarai, sun fi tsayawa a igiyar ruwa, ni ma ina sha'awarsu. Amma farashin da ka gani a waya ba shi ne farashinka ba. Yuro ɗaya sefa 656 ne saura kaɗan, wannan lissafi mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne kwalin. Masu dako ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da girman kwali, kuma kwalin jirgi dogo ne saboda sanda. Bayan haka ga duwan, wato kuɗin kwastan, ga kuɗin mota daga Duwala ko Yawunde zuwa arewa, inda za a ɗora buhu a kan kayanka ba tare da an tambaye ka ba. In ya iso lafiya, ta yaya za ka kai shi bakin ruwa? Nawa ina cire sandar da takobin, in sa shi a jaka in hau mashin.

Sai maganar ruwan kansa, wadda ya kamata a ce da ita aka fara. Kafin ka biya ko dala, tashi ka je inda kake niyyar sa jirgin, kuma ka je da rani, ba da damina ba. Ko ƙaramin nan yana son ruwan da ya kai gwiwa tun daga kusa da gaɓa. Binuwai a nan Garwa, da rani rairayi ya fito ko'ina, da damina kuma ruwa yana gudu da ƙarfin da zai tafi da jirginka kana kallo. Ga dorinar ruwa, wadda duk ɗan Garwa ya san ba a wasa da ita. Shi ya sa nake tafiya Lagdo. Tun da aka gama madatsar a 1982 ruwan can a kwance yake, akwai lunguna masu natsuwa. Mutanen Marwa suna da tafkin Maga. Amma ko'ina ne akwai ciyawa da kainuwa, kuma zare ɗaya na ciyawa in ya naɗe takobi, jirgi ya zama kamar an ɗaure shi. Akwai kuma ragar masunta. Wurin sana'arsu ne, mu baƙi ne. Ka yi sallama, ka tambayi inda suka zuba raga. Wani dattijo masunci, ranar farko da ya ga jirgin, ya ɗaga shi ya auna nauyin ƙasan da hannunsa, ya ce, "Ɗana, wanda ya yi wannan ya san ruwa." Na ce, "Baba, ina ya fi in tsaya?" Ya nuna mini gaɓar da iska ke bugowa. Gaskiyarsa. Idan batir ya mutu, jirgi mai ƙyalle ba ya tsayawa, yana ci gaba da tafiya inda iska ta kai shi. Ka tsaya inda iskar take zuwa gare ka, sai ya dawo ƙafarka. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take fitowa, ka san ɓangaren da za ka nema. Kuma kada ka tura yaro cikin ruwa ya ɗauko, ko don tsargiya. Ka yi magana da mai kwalekwale tun farko, ka ba shi na goro.

Kuɗin da na ce ka rage, ga inda za su. Jirgin yana zuwa da ƙyalle babba, wanda ya dace da iska mai laushi. Iskar hunturunmu in ta taso, babban ƙyalle yana dulmiyar da hancin jirgi. Ana sayar da ƙanana, masu lamba B da C. Ka sayi B tare da jirgin a kwali ɗaya, kada ka biya dako sau biyu. Ka haɗa da ɗan injin igiya guda na ajiya. Batura kuma ka nemi AA masu caji na kirki, domin na arahar nan na tocila ba sa jure jan igiya. Rimot ya zama mai 2.4GHz, don ko ku biyar ne a bakin ruwa ba wanda zai shiga layin wani. Sauran ƙananan abubuwa ne: salatif mai kyau na rufe murfi, ɗan basilin, da tsumma. Kada ka bar shi a rana ko cikin mota a rufe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Roba ce, tana lanƙwashewa.

Wani ƙanena ya tambaye ni ko zai iya ƙera nasa. Zai iya, kuma na ƙarfafa masa gwiwa. Akwai ajin RG65, wanda ya samo asali daga Ajantina, shi ma santimita 65, kuma mutane suna ƙera shi da hannu da katako mara nauyi. Kafintocinmu ba su kasa wannan ba, dalmar yin dunƙulen ƙasa kuma tana wurin masu raga. Rimot da ƙananan injuna biyu kaɗai zai sayo. Sai dai na ce masa ya fara tuƙa nawa tukuna, ya ji yadda jirgi mai daidaito yake a hannu, in ba haka ba ba zai san ko laifin ƙirarsa ba ne ko na tuƙinsa.

Masu cewa wasan yara ne, ban ji haushi ba. Amma a garin nan akwai mai kiwon tattabaru, akwai mai doki, akwai mai wuni a kan dara, ba wanda ya ce musu yara. Ɗana mai shekara goma sha ɗaya yanzu yana kallon saman ruwa ya ce mini, "Baba, ga iska can tana zuwa," tun kafin ta iso, domin ya koyi gane inda ruwa ya yi duhu. Bana ya tambaye ni dalilin da ya sa nauyi a ƙasa ke ɗago jirgi, muka zauna da biro da takarda har aka kira magariba. Ban taɓa samun irin wannan zama da shi a kan waya ba.

Abin da nake roƙo, duk wanda zai saya a Garwa, mu sayi iri ɗaya. Jirage uku masu ƙira ɗaya sun isa tsere, kayan gyaran ɗaya zai yi wa ɗaya, kuma in muka haɗa oda a kwali ɗaya dako zai yi sauƙi. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina Lagdo daga hantsi. Wanda yake so ya riƙe rimot kafin ya yanke shawara, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ya kuma zo da hula da ruwan sha.