Lauyan da ya bar cemba ba kasawa ya yi ba

Duk sanda aka ce wani barista ya daina zuwa kotu ya koma aikin banki ko ya karɓi aikin gwamnati, sai ka ji a majalisa ana cewa ai kasawa ya yi, wai shari'a ta fi ƙarfinshi. Wannan maganar tana ci mani rai gaskiya, don masu faɗinta yawanci ba su san yadda ƙaramin lauya ke kwana ya tashi a Katsina ba.

Yaro ya yi shekara 5 a jami'a, ko nan Umaru Musa 'Yar'adua ko ABU ko Bayero, shi ma in yajin aiki bai ƙara mashi ba, ya wuce makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ko Bwari ya ƙara shekara guda da kuɗin da wani gidan sai an ɗaga gona ko an kai bijimi kasuwa kafin a haɗa su, ya yi bautar ƙasa, sannan ya shiga cembar wani babban lauya, wato ofishin da yake aikin lauya. Shi ne ɗaukar fayil, shi ne neman a ɗage zama, yau Funtua gobe Daura cikin motar haya, ƙarshen wata kuma abin da za a miƙa mashi ko hayar ɗaki da cefane ba zai riƙe ba, wasu ma babu albashin sam sai kuɗin mota ranar da aka je kotu. In ya ce bari ya buɗe tashi cembar, to ga halin garinmu nan, ɗan'uwa zai kawo rigimar gado ko ta fili a zauna a yi awa biyu ana duba takardu, ya tashi ya ce Allah ya saka da alheri barista, shi kenan. Mafi yawan shari'un aure da gado kuma a kotun Musulunci ake yin su, mutane su tsaya da bakinsu ba su nemi lauya ba. Wanda ke da iyali a wuya ya samu inda za a biya shi duk wata, mi ne laifinshi in ya tafi?

Kuma ai manyan da muke alfahari da su ba wuri guda suka zauna ba. Marigayi Mai shari'a Mohammed Bello, ɗan Katsina, da aikin lauyan gwamnati ya fara, ya yi majistare, a hankali har ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995. Ibrahim Shema lauya ne mai zaman kanshi kafin ya zama kwamishinan shari'a a 1999, daga baya ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Babu wanda ya ce masu sun gudu.

Abin da nake so ƙannenmu su lura da shi kawai, ba kowace ƙofa ce ake fita a dawo ta cikinta ba, ya kamata mutum ya san wadda zai bi tun kafin ya rubuta takardar ajiye aiki. Ƙa'idojin sana'ar sun hana lauyan da ke karɓar albashi a kamfani ko banki ya tsaya gaban alƙali a madadin wanda ya ɗauke shi aiki, banda lauyan gwamnati irin na ma'aikatar shari'a. Ke nan wanda ya tafi banki zai samu rufin asiri, zai ƙware a yarjejeniya da harkar bashi da jingina, amma shekaru za su wuce bai yi wa shaida tambaya ba, kuma harshen kotu in an bar shi nauyi yake yi. In burinshi lambar SAN ne, wato lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya, ta hanyar kare ƙara to ya yi nisa da ita, don bayan shekara 10 da ake nema sai ya nuna shari'un da ya yi da kanshi har manyan kotuna. Wanda ya koma koyarwa a jami'a shi yana da tashi hanyar ta rubuce-rubuce da bincike.

Kujerar alƙalanci ita ce ta fi buƙatar dogon tunani. Tsarin mulkin 1999 ya ce sai mutum ya shekara 10 da zama lauya kafin a naɗa shi alƙalin babbar kotu, 12 a kotun ɗaukaka ƙara, 15 a kotun ƙoli. Amma sashe na 292 ya ce wanda ya sauka daga irin wannan kujerar, ko da wane dalili ne, ba zai sake tsayawa a matsayin lauya gaban wata kotu a ƙasar nan ba. Majistare ba ya cikin wannan hanin, shi zai iya komawa cemba in ya ga dama. Sannan ko ina mutum ya koma, in yana son ci gaba da aikin lauya kada ya yi wasa da biyan kuɗin lasisinshi kafin ƙarshen watan Maris kowace shekara.

Inda abin ke damuna shi ne waɗanda ake bari a baya. Duk hazikin da ya tattara ya tafi Abuja ko Kaduna, akwai wani bawan Allah daga Baure ko Zango ko Mai'adua da ke tsare yana jiran shari'a, wanda da wannan lauyan ne zai tsaya mashi, hukumar ba da agajin shari'a kuma ba za ta iya ɗauke nauyin nan ita kaɗai ba. Don haka maganata ta fi karkata ga iyayenmu masu manyan cemba da shugabannin ƙungiyar lauyoyi ta NBA a jihar nan. Ranku ya daɗe, ku zauna ku tsayar da mafi ƙarancin albashin da za a riƙa ba ƙaramin lauya, a rubuce, a kuma ware mashi kasonshi a duk shari'ar da ya kawo da kanshi, a bar shi ya riƙa jan ƙara daga farko har hukunci maimakon neman ɗage zama kullum. Da yawa cikin masu tafiyar nan kotun suke so, da za su samu abin riƙe gida a cikinta ba za su je ko'ina ba.