Yaƙin Teburin Mai Shayi

Ɗan Boko ya dawo daga karatu a Ingila da digiri ɗaya da kwalaye tara. Digirin an rataye shi a zaure. Kwalayen kuwa ba wanda ya san cikinsu, sai ranar da ƙannensa suka hana shi sakat a gida, ya kwaso su bayan la'asar ya baje a ƙarshen teburin mai shayi na Ƙofar Marusa. A kan benci akwai kakansa Tsoho, wanda ya daɗe yana hawan salla cikin 'yan lifida, da Malam, da Bahaɗeje mai kifi, wanda ko jana'iza za shi ba ya wuce Bakatsine bai tsokane shi ba.

ƊAN BOKO: Mai Shayi, ara mani kofi ɗaya da ruwa, in riƙa wanke buroshi.

TSOHO: Kai ja'iri, mi nike gani? 'Yan tsana ka je ka karanto a Turai?

ƊAN BOKO: Sojoji ne, Tsoho. Janye hannun rigarka, kada ka ture mani kwamanda.

TSOHO: Soja? Wanga da bai kai ɗan yatsana ba?

ƊAN BOKO: Wasa ne, sunansa Warhammer 40,000. Kamfanin Games Workshop ke yin su a Nottingham, garin da na yi karatu. Tun 1987 ake buga shi, kuma masu gemu ne ke bugawa.

BAHAƊEJE: Dubu arba'in ɗin kuɗinsa ke nan?

ƊAN BOKO: Shekara ce. A labarin, sai wajen shekara ta dubu arba'in za a gwabza yaƙin.

BAHAƊEJE: Af! Ashe yaƙin Katsinawa ne. Wanda bai zo ba tukuna, shi kuka fi ƙwarewa a kai.

TSOHO: Ji mani bawa! Wa ya ba ka izinin magana gaban iyayen gidanka?

BAHAƊEJE: Tarihi ya ba ni. Mu a 1906 muka tari Turawa da takobi har sarkinmu ya kwanta dama. Ku fa? A 1903 Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka ko tuntuɓe bai yi ba.

TSOHO: Baƙo ya zo maka daga nesa, sai ka tare shi da sara? Kunya gare mu, ba tsoro ba.

(Malam bai ce uffan ba, sai da ya ga Ɗan Boko ya zazzage 'ya'yan ludo kusan cikin tafin hannu biyu.)

MALAM: A'a, a'a. Dakata, yaro. Wannan kuma na mene ne? Caca za ku buɗe mana a unguwa?

ƊAN BOKO: Allah gafarta Malam, ba a zuba ko kwabo. Kuɗin tun a shago ake cinye su.

MAI SHAYI: Nawa ne kwali ɗaya?

ƊAN BOKO: Da fam ake saye.

MAI SHAYI: Na ji. Ya kai kuɗin tunkiya?

ƊAN BOKO: Mu bar maganar.

TSOHO: Ya kai ke nan. Tumaki tara ga su nan cikin kwali, ba nono, ba taki.

MALAM: Ni dai ban ga amfanin babba ya zauna yana tura roba ba.

ƊAN BOKO: Ai asalinsa ba wasan yara ba ne, Malam. A 1824 rundunar Farusa, a ƙasar Jamus ta yanzu, ta karɓi irin wannan wasa don koyar da hafsoshi dabarun yaƙi a kan taswira. Ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ga alƙali a tsakiya. Abin da alƙali ya yanke, ko janar ne bai isa ya musa ba.

MALAM: (ya gyara zama) Alƙali ka ce?

ƊAN BOKO: Alƙali.

MALAM: To, don dai kada a zalunci wani, zan duba maku.

TSOHO: Wai su wa ya yi masu fentin nan? Har da ido.

(A nan ne aka taɓo Ɗan Boko inda yake masa ƙaiƙayi. Duk mai irin wannan sha'awa, ka tambaye shi lafiyar iyali ya amsa da kalma biyu, ka tambaye shi fenti ka rasa magariba.)

ƊAN BOKO: Ni na yi. Ai ba haka suke zuwa ba. Gunduwa-gunduwa suke zuwa, ruwan toka, manne a jikin wani firam na roba: kai daban, hannu daban, bindiga daban. Sai ka yanko, ka kankare, ka haɗa da gam. Sannan ka fesa fentin shimfiɗa, in ba haka ba sauran ba zai kama ba. Fentin kuma ba a lafta shi, sai an tsinka shi da ruwa, a shafa siriri, ya bushe, a ƙara. Wanda ya lafta da kauri, fuskar sojansa ta shafe. Bayan nan akwai wani baƙin ruwa, Nuln Oil, da ke gangarawa cikin lunguna ya fito da inuwa. Sai ka bi gefen sulke da launi mai haske, da bakin buroshi, kana riƙe numfashi. Ido shi ne ƙarshe, shi ne kuma mai sa mutum kuka. Hannunka ya ɗan girgiza, sojanka ya zama mai harara garke har abada.

BAHAƊEJE: Wancan na gefe ai hararar garken yake.

ƊAN BOKO: Ƙanena ne ya yi atishawa.

MAI SHAYI: Cikin kwali taran, nawa ka gama?

ƊAN BOKO: Goma.

MAI SHAYI: Kwali goma cikin tara?

ƊAN BOKO: Soja goma. Sauran suna jiran in samu lokaci. Akwai ma wasu biyu da na yi oda suna hanya.

TSOHO: Jinina ne. Haka nike da gyaran katangar bayan gida. Kawo su nan, ni za ni ja masu sulken.

(Aka share tebur. Burodi biyu suka zama ganuwa, gwangwanin madara ya zama hasumiya, Tsoho ya ce Gobarau ce, kada wanda ya taɓa. Shuɗɗan sojoji goma na Tsoho. Bahaɗeje aka tura masa tarin ruwan toka da mota guda.)

BAHAƊEJE: Nawa me ya sa ba su da kaya?

ƊAN BOKO: Ork ake ce masu, korayen ƙattai ne in an fente su. Ga yawa, ga rashin tsoro, sai dai ba saiti. Kuma ka sani, a ƙa'idar gasa wanda ya zo da runduna fentacciya yana da maki 10 tun kafin a fara.

TSOHO: Malam, rubuta mani goma.

BAHAƊEJE: Ba a harba ko tsinke ba!

TSOHO: Ado ma yaƙi ne. Je ka kalli hawan salla a Ƙofar Soro ka gani.

(Tsoho ya damƙi sojansa ya dire shi bayan burodi, can ƙarshen tebur.)

ƊAN BOKO: Tsoho, inci 6 kawai yake tafiya. Ga tef, auna.

TSOHO: Yaƙi ne ko ɗinki? Wa ya taɓa tsayar da sukuwa ya kira tela?

MALAM: Alhaji, mai da shi baya. Ƙa'ida ƙa'ida ce.

TSOHO: Kai da ka ce caca ce?

MALAM: Wancan kafin a naɗa ni ne.

ƊAN BOKO: Yanzu shi zai jefa ya ga ko ya same ka, ya sake jefawa ya ga ko ya ji maka ciwo. Sannan kai ka jefa. In ka samu ukku ko sama, sulkenka ya tare.

(Bahaɗeje ya watsa nasa, biyu suka shiga. Tsoho ya karɓi 'ya'yan ludo, ya tofa masu abin da ya tofa, ya jefa. Ɗaya da ɗaya.)

ƊAN BOKO: Biyu sun mutu.

TSOHO: Ba su mutu ba. Akwai laya ƙarƙashin sulken.

MALAM: Ina take? Ban ga an fenta ta ba. Kwantar da su.

BAHAƊEJE: Allahu akbar! Yau ga Katsinawa a filin daga. Yaro, motar nan tawa fa?

ƊAN BOKO: Da ja ce da ta fi gudu. Su Ork sun yi imani jar mota ta fi sauri, har a tsofaffin dokokin wasan ana ƙara mata inci ɗaya.

BAHAƊEJE: Miƙo buroshin.

ƊAN BOKO: Wannan dokar an daina...

BAHAƊEJE: Ba don ita ba. Babur ɗina ne ba ya hawa tudu.

MAI SHAYI: Ni abin da ban gane ba, yarona yana buga irin wannan a kwamfuta, har jini na tsartuwa. Me ya kai ku wahalar gam da tef?

ƊAN BOKO: Akwai su, tun Dawn of War na 2004 har Space Marine 2 na 2024. Can sojojin a fente suke zuwa, kwamfuta ke yin lissafi. Amma a ɗauke wuta, yaƙi ya tashi.

TSOHO: Kuma ita kwamfutar ana iya yi mata gardama?

ƊAN BOKO: A'a.

TSOHO: To ba wasa ba ne. Malam, ɗan ludon nan da ya faɗa jikin burodi a karkace yake, sai an sake.

MALAM: Na gani da idona, a kwance yake.

(Gardama ta kaure. Bahaɗeje ya yi dariya har ya sarƙe, ya miƙa hannu bai duba ba, ya ɗauki kofi ya kwankwaɗe tas.)

ƊAN BOKO: Innalillahi! Baba, ruwan wankin buroshi ne ka sha! Shayinka ga shi can!

(Aka yi tsit. Bahaɗeje ya lashi leɓe, shuɗi-shuɗi, ya leƙa cikin kofin, ya dubi Mai Shayi.)

BAHAƊEJE: Ni dai na ce yau ka saki hannu da ganye.