Wannan ba liyafa ba ce, wadaƙa ce

Jama'a don Allah mu daina ɓata kalmar liyafa. Asalinta Larabci ne, diyafa, wato saukar baƙo da girmama shi, harafin nan na Larabci lodi (ض) ne ya koma l a bakin Bahaushe kamar yadda ya faru a alƙali da lalura da alwala. To kun ga baƙo ne a tsakiyar kalmar, ba mai gida ba.

A Tawa da na tashi in baƙo ya sauka ruwan randa ake fara kawo mai, sai hura mai nono a ƙwarya, in da hali a kama zakara ko ɗan akuya, maƙwabta kowa ya aiko da akushi kuma ba wanda za a tambaya wa ya gayyace ka. Baƙonka Annabinka, haka muka ji daga bakin tsohinmu.

Satin da ya wuce na je wani biki nan Yamai, an kama katafaren zaure, raguna gasassu jere kan tebur, lemu kala-kala, ana ta liƙin jikka goma-goma har ana takawa, amma a bakin ƙofa ga wani dattijo ƙanen kakar amarya da ya kwana a mota daga Adar an tare shi wai ba shi da kati. Na ce Baba zo mu shiga tare, ya ce a'a ɗana bar shi, na sa masu albarka daga nan. Wallahi abincin nan bai wuce min ba. Da safe kuma aka cika Facebook da hotuna wai an yi gagarumar liyafa.

Hausa ba ta rasa sunan wannan ba ai, akwai wadaƙa, akwai bushasha, akwai facaka da dukiya. Walima ma da muke fakewa da ita, Annabi (SAW) cewa ya yi da Abdurrahman bin Auf ya yi ko da tunkiya guda ce, kuma hadisin Abu Huraira ya kira wadda ake kiran masu kuɗi a bar talakawa mafi sharrin abinci.

Ni ban hana mai hali ya ciyar ba, ya yanka bijimi goma ma in ya so, ina murna. Af, masu rubuta "liyafa ta ci gaba" kuma, likafa ce ta sirdin doki.

Baba dai a tasha ya ci shinkafa da wake ranar, ni na raka shi.