Tsanin Baba

Asabar ɗin nan na leƙa gida can bayan Jiratawa. Ko ruwa ban gama sha ba Inna ta ce hadari ya fara haɗowa ta gabas, in shiga rufewa in fiddo mata zangarniyar iri. Na tuɓe riga saboda ƙaiƙayi, na rataye a kan danga kusa da turken akuyarmu Madam, waya na cikin aljihu. Muka yi da Auta in na gama zai zuro mini tsani. Na hau, na dira.

Wanda bai taɓa shiga rufewa a watan Mayu ba kada ya yi mini zancen zafi. Da kaka gero har wuya yake, hannu kawai ake miƙawa. Yanzu kuwa 'yan dammuna ne a gindi, baki na can sama. Na tsince irin, na kira Auta. Shiru. Ashe yaron ya bi zabi, kuma a daidai lokacin Baba maƙwabcinmu ya shigo, ya ga tsaninsa da muka ara tun kaka, ya saɓa a kafaɗa ya yi gaba.

Na yi ta kira har karenmu ya zo ya tsaya yana yi wa rufewa haushi. Karen da nake kawo wa ƙashin balangu tun daga Maraɗi! Matan da ke daka a gindin gawo suka ajiye taɓare suka taru. Ina jin wata tana salati tana cewa dama ta daɗe ba ta yarda da wannan rufewar ba.

Can sai ga Baba ya dawo. Na ji ya kife turmi ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Wa na ciki?"

"Baba, ni ne."

"Ni wa? Ɓarawo ma ni yake cewa."

"Ɗan Inna mana, na birni."

"Wanda na sani mai moto na, da takalmi sau-ciki. Mi zai kai shi rufewa?"

Mata suka bushe da dariya. Mutumin nan shi ya yanka ragon sunana fa. Ya san muryata sarai. Sai da ya sa na faɗi sunan kakata ta wajen uba, da na rijiyar da muke ban ruwa, da ƙarfi, murya na amsa-kuwwa kamar mai magana a cikin tulu. Da na ci jarrabawa sai ya ce to madalla, tunda yau Allah ya zaunar da ni wuri ɗaya, a yi maganar zogale.

Ga dai yadda zancen yake. Bara Madam ta tsinke igiya ta shiga garkarsa ta aske masa kwami guda. Jar akuya ce ta asali, irin tamu ta Maraɗi da ake yabon fatarta, tagwaye take zubawa, shi ya sa Inna ba ta son laifinta. Ni ake aika in kaɗo mata 'ya'yan gawo, ni kuma ake bi bashin ɓarnarta. Amma fisabilillahi, zabin Baba fa? A tsakar gidanmu suke kalaci safe da yamma, in damina ta sauka su koma bayan dangarsa su zuba ƙwai. Ko ɗaya bai taɓa cewa ungo ba. Jakinsa kuwa a jikin ɗakina ake ɗaure shi, kafin ladan ya farka shi ya riga ya tashi unguwa. Takin da ya kwashe mana da amalanke ma na bar shi, don ranar ya aiko da kankana.

Ya ce jika uku. Na ce jika ɗaya. Ya ce shi ba ya sauri, inuwa yake. Muna cikin ciniki na ji sallama, muryar da ko a mafarki na sani. Wadda zan aura ce, an aiko ta da fura. Ta ce ina wuni Baba, da wa ake magana? Ya ce: "Da angonki, ɗiyata. Yana ciki yana nuna."

A jika biyu muka tsaya. Aka zuro tsani. Na fito ba riga, gumi ya kwaɓa ƙura da ƙaiƙayi a jikina, ina susa da hannu biyu. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na juya in ɗauki riga in rufa wa kaina asiri, sai na tarar Madam ta cinye hannu ɗaya tana kan aljihu. Inna ta ce kada wanda ya daka mata tsawa, ciki gare ta.

Baba ya zauna ya sha furar da aka kawo mini, ya sa albarka, ya sake saɓa tsaninsa. Auta bai dawo ba sai bayan magariba, wai zabuwa ɗaya ce ta ɓata. Wayar tana kamawa, gilashin ne dai ya tsage. In akwai wanda ya san mai gyara da sauƙi wajen babbar kasuwa ya gaya mini.